Aljihun Mamaci

Ran Litinin Malam Sabitu ya kawo ƙunshinsa,
kaftani huɗu, 'yar ciki, da shadda ruwan toka.
Ya ce, "Ilu, lissafinmu sai ƙarshen wata."
Wata uku ke nan yana faɗar haka.
Dubu shida da ɗari huɗu. Ban tanka ba,
na ɗaure ƙunshin a bayan keke.

Laraba da la'asar aka kai shi Ɗandolo.
Ina bakin rijiya, ban ji ba sai magariba.

Alhamis na jiƙa kayan, tunda dauɗa ba ta san an mutu ba.
Cikin kumfa hannuna ya ci karo da tudu
a aljihun nan na ciki da tela ke ɓoyewa daidai ƙirji.
'Yan dubu-dubu ne ɗaure da kyauro, jiƙe sharkaf,
da guntuwar takarda da omo ya riga ni karantawa,
sai shuɗin biro ya bazu kamar bula.

Na waiga.
Akuyar maƙwabta ce kaɗai,
tana tuƙa, tana duba na kamar alƙali.

Na hura gawayi a dutsen guga,
na shimfiɗa tsumma, na bi su ɗaya bayan ɗaya.
Arba'in da bakwai.
Shekara ashirin ina guga,
ban taɓa goge abin da ya miƙe da sauri haka ba.

Da dare zuciya ta baza tabarma, ta buɗe kasuwa.
Ta ce, wa ya gani?
Ta ce, mai gida ya aiko sau biyu kan kuɗin haya,
Uwani na tari tun damina,
mai kemis ya daina rubuta sunanka.
Da na ƙi tayin, sai ta sassauto:
to zare naka kawai, shida da ɗari huɗu,
sabulunka ne, gawayinka ne,
fatar hannunka ce da soda ta tsattsaga.
Nan na zauna.
Satar da ta zo da hujja ta fi daɗewa a bakin ƙofa.

Uwani ta juyo. "Ba ka barci."
Na faɗa mata.
Ta yi shiru har sauro ya gama zagaya ɗakin.
Sannan ta ce, "Shekaranjiya nasa ne.
Yau na yara biyar ne, ƙaramar ko yaye ba a yi ba.
Kai za ka raba musu gado a teburin guga?"

Juma'a da hantsi, sadakar uku, na nufi Mandawari,
kaya a ninke, kuɗi a tsakiyar shaddar.
Wansa, Alhaji Tanimu, ya lashi yatsa ya ƙirga.
Ya sake ƙirgawa.
Ya ɗago ya ce, "Iya su ke nan?"
Garwashin jiya bai ƙona ni haka ba.
Na ce, "Iya su ke nan, har da kyauron."

Liman ya yi shela: mai bin mamaci ya matso,
kada a bar bawan Allah a rataye.
Na buɗe baki.
Sai ga ɗansa na fari yana raba ruwa,
hular uban ta sauko masa har kunne.
Na mayar da bakin na rufe.
Aka miƙo mini dabino uku da gumba a leda.

A Ƙofar Gadon Ƙaya na dafa ƙasa da ƙafa ɗaya,
adaidaita suna ta danna mini ham,
na ce, Sabitu, na yafe, kwanta abinka.
Kafin na kai lungunmu na sake lissafa shi,
shida da ɗari huɗu, yana nan daram.
Na sake yafewa.

Ina jin haka zan yi ta yi har ƙarshen wata.
Tabon manja ne,
ba a wankin farko yake fita ba.